Wasiƙa daga Damagaram a kan zaren autanmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, kuma sanyin Ingila bai takura muku ba. Hotunan aikin mai fasaha Nnena Kalu da ka turo mini sun iso, kuma tun ranar da na buɗe su tunanin autanmu bai bar zuciyata ba.

Ka san shi tun yana rarrafe, ka kuma san yadda yake wuni a zaurenmu na Birni yana naɗe duk abin da hannunsa ya kai gare shi da zare ko tsumma, ko ludayi ne ko tsohon takalmi. Maƙwabta sun ce shafar aljanu ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, daga baya likita ya ce galahanga ce, kalmar da har yau ba ta kwanta mini ba. Mu kuma da dare mukan kwance zaren mu mayar da kayan wurinsu, da safe ya tashi ya yi ta kuka, ba mu taɓa tambayar kanmu abin da muka rushe ba.

Da na ga aikin Nnena Kalu sai jikina ya yi sanyi. An haife ta a Gilasgo a 1966, iyayenta 'yan Najeriya ne, tana da larurar da ta taƙaita mata magana, kuma tun 1999 take aiki da ƙungiyar ActionSpace a Landan, mai tallafa wa masu fasaha da ke da larurar koyo, tana naɗa ƙyalle da leda da zaren tsohon kaset ɗin bidiyo har su zama manyan dunƙule masu rataya. A 2025 aka ba ta kyautar Turner, babbar kyautar masu fasaha ta Birtaniya. Kafin ita akwai Judith Scott a Amurka, kurma mai larurar Down (tawayar girman jiki da fahimta da ake haifuwa da ita), wadda ta yi shekara 35 a gidan killace naƙasassu a Ohayo, sai da tagwaiyarta ta fito da ita sannan ta shiga cibiyar fasahar naƙasassu ta Creative Growth a birnin Oklan a 1987, inda ta yi ta naɗe kaya da ulu har rasuwarta a 2005. Hannun da nake gani a aikinsu shi nake gani a zaurenmu.

Amma wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce Yayoi Kusama ta Japan, haifaffiyar 1929. Tun tana yarinya take ganin ɗige-ɗige suna yaɗuwa a bango da ƙasa har su hau jikinta, ta kasa gane inda jikin ya ƙare, shi ya sa ta mayar da ɗigon sana'arta, kuma tun 1977 take zaune a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Tokiyo bisa zaɓin kanta. Autanmu ma yakan tsura wa tafin hannunsa ido kamar na aro ne, kuma wuyan riga kaɗai ya isa ya hana shi sukuni. Sa'ad da Kusama take Niyok, ta lulluɓe kujeru da kwalekwale da ɗinkakkun ƙulle-ƙulle masu siffar gaban namiji, ta kuma faɗa da bakinta cewa tsoron saduwa ne take yaƙa da su. Na san wannan magana tana da nauyi a bakinmu, amma dole in faɗa maka ita, domin mukan ɗauka cewa irinsu ba su da sha'awa, ba su da bege. A bikin ƙanwarmu bara autanmu ya ja hannuna ya ce, "Yaya, ni yaushe?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, kuma wannan dariyar tana cina har yanzu.

Ba ina nufin duk mai irin larurarsa gwani ne ba, kuma ba kyauta nake nema masa ba. Na dai je Kasuwar Dole na sayo zare kala-kala, na roƙi dukawa guntayen fata, na kuma roƙi Inna kada a sake kwance masa komai. Yanzu dunƙule bakwai ke jere a kan dakali.

Idan Allah ya kai ka wurin nunin aikin Kalu, ka ɗauko mini hoton ƙullin daga kusa, ina so in nuna masa. Inna tana gaishe ka, a gaida uwargida da yara.

Naka amini,
daga Damagaram