Sunana ya hau takardar mota

Hamburg, daren Asabar

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na san kana cike da ni, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. Ka yi haƙuri. Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wannan: na sayi mota, kuma tun ranar Alhamis sunana ne a takardarta!

Golf ce ƙirar 2012, ruwan toka, ta ci kilomita 148,000. A Kleinanzeigen, wani shafin intanet na tallan kaya, na ga tallarta, wajen wani dattijo Bajamushe. Ba dillali, ba la'ada. Ya buɗe gareji, ya miƙo min wani ɗan littafi, kowane juyen mai tun tana sabuwa ga kwanan wata ga hatimin makaniki. Na taya, ya girgiza kai, da ƙyar ya rage Yuro 200. Sai na tuno ka kana naushin taya da ƙafa wai kana gwada lafiyar mota. Da kana wurin da dattijon nan ya kore mu.

Kafin in kai ga haka na sha wuya. Lasin ɗinmu na gida wata 6 kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a Jamus. Daga nan dole ka sake jarrabawa, ta kwamfuta da ta kan titi. Shekara nawa ina bin hanyar Kano zuwa Zariya, amma sai da na koma gefen malamin tuƙi, yana nanata min waiwaye ta kafaɗa saboda masu keke. Gaskiyarsa ce kuwa, masu keke a garin nan sun fi ƙarfin madubi.

Fatikular mota a nan kashi biyu ce. Ƙaramar, Teil I, da ita kake yawo. Babbar, Teil II, a gida ake adana ta, ba a sake rajista sai da ita. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura in bar ta a cikin mota. Ranar zuwa ofishin rajista na haɗa su da fasfo, da katin izinin zama, da shaidar adireshi, da takardar gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara 2, wadda kowa ke ce wa TÜV. Sai wata lamba mai gurbi 7 da kamfanin inshora ke bayarwa, eVB, in babu ita ko kallonka ba za a yi ba. Sannan ka sa hannu a riƙa cire harajin mota daga asusunka, kuma wai kwastam ne ke karɓa.

Zuwan farko an mayar da ni. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunana na fasfo da wanda aka rubuta a inshora. Na dawo gida raina a jagule, na jira wani layin kwana tara. A na biyu komai ya tafi daidai. Na tsallaka shagon buga lamba, aka buga min HH, alamar Hamburg, na dawo aka manna hatimi. Da na ɗaura ta na zauna a bayan sitiyari na yi ta hamdala, har idona ya kawo ruwa. Shekara uku ina tashi da asuba ina bin jirgin ƙasa zuwa aiki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne inshora. Sabon direba suka ɗauke ni, shekarun da na yi ina tuƙi a gida ba su shiga lissafi ba, kuɗin ya yi nauyi ƙwarai. Ga tayoyin hunturu da ake sakawa daga Oktoba, ban saya ba tukuna.

Af, jiya na tarar da ɗan kati a maƙale a gilashi, masu sayen tsofaffin motoci ne su fitar waje. Ka ga mafarin 'yan Kwatanon da kake ta yabo. Na kuma ji an kai kuɗin auren autanku, amma ba wanda ya gaya min! Wace ce? 'Yar gidan mai goron nan ce ko wata daban?

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa wa motar albarka. Gobe zan turo maka hotonta.

Naka har kullum.