Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Matasan Masu Binciken Bairos da Rigakafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Zaman wata-wata ya gudana, in ban da watannin da muka rasa adadin mambobin da zai ba mu damar yanke shawara.

Abin alfaharinmu a bana shi ne taron bita kan karanta jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin shan inna. Wanda bai zo ba ya yi asara. Malamar da ta jagoranta ta fara ne daga tarihi: an ayyana kawar da nau'i na 2 na daji (wato wanda ba daga rigakafi ya samo asali ba) a 2015, aka cire shi daga ɗigon rigakafi na baki a Afrilun 2016, aka ayyana kawar da nau'i na 3 a 2019. Sai ta jefa mana tambayar da ta cinye yinin farko: to me ya sa har yanzu nau'i na 2 yake shanye ƙafafun yara? Amsar tana cikin bairos ɗin rigakafin kansa. An raunana shi, amma idan ya daɗe yana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, sai ya sauya ya dawo da ƙarfinsa. Kashegari kowa ya buɗe kwamfutarsa, muka sauko da jeri daga GenBank, rumbun adana jerin ƙwayoyin halitta a intanet, muka jera sashen jerin da ake kira VP1 kusa da na Sabin, wato raunannen bairos ɗin da ke cikin ɗigon rigakafi, muka ƙirga bambanci. A nau'i na 2, canji shida ya isa a ce bairos ya fita daga sahun na rigakafi. A nau'i na 1 da na 3 sai an kai goma. Ɗalibai 'yan digiri na biyu, waɗanda ba su taɓa zana bishiyar dangantaka tsakanin bairos da bairos ba, da hannunsu suka zana, har gardama ta kaure kan ko sabon ɗigon rigakafin nau'i na 2, wato nOPV2, wanda aka fara amfani da shi a Maris 2021, zai rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Ya rage haɗarin matuƙa, bai shafe shi ba. A nan aka tsaya. Allah Ya saka wa malamar da alheri, ko kuɗin mota ba ta karɓa ba.

Sai maganar binciken garkuwar ƙyanda, wanda na san wasunku suna ta gunaguni a kansa. Ba a yi watsi da shi ba. Manufar tana nan: a auna antibodi na IgG, alamar garkuwar jiki, a jinin yara, mu ga ko akwai giɓi ƙasa da kashi 95 cikin ɗari da ake bukata domin ƙyanda ta daina yaɗuwa. Amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta zo a makare. Da ta zo, asusu ba zai iya sayen kayan gwajin antibodi na ELISA ba. An ba da shawarar mu sayi rabi, muka ƙi, domin kayan suna da wa'adi, kuma samfur da aka gwada da rukuni biyu daban-daban yakan ba da sakamakon da ba a iya kwatantawa da juna cikin sauƙi. Ruwan jinin da aka riga aka tara yana cikin firiza, ma'aji yana duba ma'aunin sanyi.

Me ya hana kuɗin? Mafi yawan mambobi ba su biya na shekara ba. Na san tallafin karatu ba ya zuwa a kan lokaci, na kuma san wasu suna tsakanin kwangila da kwangila. Waɗannan sun yi magana, mun ɗaga musu ƙafa. Waɗanda suke ba ni mamaki su ne masu shiru shekara guda, sai lokacin neman takardar shaidar zama mamba domin cike fom ɗin tallafi a ji sallamarsu. Shirin haɗa ƙanana da manyan masu bincike ma haka ya mutu a tsaye: an rubuta suna, ba a amsa saƙo.

Shugabanni sun yanke cewa daga yanzu ba takardar shaida sai da rasit. Mai bashi ya tuntuɓi ma'aji kafin babban taro, inda za a kuma zaɓi sabon sakatare, domin wa'adina ya cika.

Sakataren ƙungiya