Aikin ɗan majalisa bai ƙare da zartar da kasafin kuɗi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani nauyi da ke wuyan zaɓaɓɓun wakilai, wato sa ido a kan gwamnati da tilasta mata bayyana yadda take aiwatar da manufofinta.

Jama'a sukan auna ɗan majalisa da yawan ƙudurorin da ya gabatar ko yadda yake ɗaga murya a zaure, amma a ganina wannan ma'auni bai cika ba. Tunda majalisa ce ke sahale wa gwamnati karɓar haraji da kashe shi, wajibinta ne ta bi sawun kuɗin har inda suka tsaya, ta kuma tambaya ko manufar da aka kashe su dominta ta amfani jama'a.

Hanyoyin yin haka sanannu ne. A Birtaniya firaminista kan tsaya gaban majalisa ranar Laraba ya amsa tambayoyi, kuma ƙuri'ar wakilai tana iya taka wa gwamnati birki, kamar yadda aka gani a 1979 lokacin da gwamnatin firaminista James Callaghan ta faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, da kuma 2013 da majalisar ta ƙi amince wa firaminista David Cameron kai hari Siriya. Sai dai irin waɗannan ranaku ba kasafai suke zuwa ba.

Ainihin aikin yana cikin kwamitoci, inda 'yan kallo suka yi ƙaranci. Tun 1861 majalisar Birtaniya ta kafa kwamitin bin diddigin kuɗaɗen gwamnati, kuma al'ada ta tabbata cewa ɗan adawa ne ke shugabantarsa, saboda da wuya mutum ya tuhumi jam'iyyarsa da gaske. A irin wannan zama ne ake kiran babban sakataren ma'aikata, a buɗe masa rahoton babban mai binciken kuɗi, a nuna masa shafin da ya ce an biya ɗan kwangilar gina wata gada kuɗinsa cif alhali gadar ba ta kai rabi ba, a buƙaci takardun biyan, sannan a sa masa ranar dawowa. Wannan ranar dawowa ita ce ƙashin bayan lamarin, domin jami'in da ya san ba za a sake nemansa ba, alkawari kawai zai yi ya tafi.

Doka ba ta gaza ba. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, alal misali, sun ba majalisa ikon gudanar da bincike da kiran duk wanda take buƙatar shaidarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne wakilai masu rinjaye sukan ɗauki tambayar minista a matsayin cin amanar jam'iyya, sannan rahotannin kwamitoci su ƙare a kan kanta ba tare da an yi muhawara a kansu ba.

Saboda haka ina kira ga jaridarka ta riƙa bibiyar zaman kwamitoci, tana sanar da mu wanda aka gayyata, da wanda ya ƙi zuwa, da kuma matakin da aka ɗauka bayan an miƙa rahoto.

Naka,
Wani mai karatu