Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Babura Domin Dogayen Mutane

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, shugabanni da 'yan uwa masu walda, makanikai da masu ɗinkin kujera. Ga abin da muka yi a bana, daga ofishin sakatare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne na dogayen mutane. Kowa ya san hoton: zankaɗeɗen mutum a kan Boxer ko Jincheng, gwiwoyinsa sun kusa taɓo ƙirjinsa, in zai sha kwana kan babur ya bugi gwiwa. Mutumin da ya fara kawo mana kuka manomi ne mai zuwa gona kullum, ya ce in ya sauka sai ya dafa bango kafin ƙugunsa ya miƙe. Da muka faɗa masa akwai Yamaha Ténéré 700, wanda aka raɗa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar, mai kujera milimita 875 daga ƙasa da tayar gaba inci 21, sai ya yi dariya ya ce kuɗinsa sai an sayar da gonar. Shi ya sa muka zauna kan gyaran abin da mutane ke da shi.

Da farko mun ɗauka ƙara soso a kujera ya isa. Bai isa ba. Tazara uku ce ke aiki tare: daga kujera zuwa matakin ƙafa, daga kujera zuwa kan babur, da kuma daga mataki zuwa kan babur. Ka ɗaga kujera kawai, gwiwa ta huta, amma mutum ya duƙa kamar mai shara. Ka ɗaga kan, wayar birki da ta kulochi da ta totur su yi gajarta. Mun ga wanda totur ɗinsa ke ƙara wuta da kansa in an juya kan zuwa ƙarshe, saboda wayar ta ɗame. Ka sauke mataki da yawa, ya riƙa kartar kwalta a kwana, kuma dole a gyara fedar birki da ta giya. Yanzu duk wanda ya zo, sai ya cire takalmi, a auna shi daga mararrabar ƙafafunsa zuwa ƙasa, a zaunar da shi a kan babur, a ɗauki hotonsa ta gefe da waya. Sannan a taɓa ƙarfe.

Ba za mu ɓoye kuskuren da aka yi ba. Wani ɗan uwanmu ya yanke shasi ya ƙara tsawo, ya haɗa bakin bututu da baki ba tare da zura wani ƙarfe a ciki ba. Bayan 'yan makonni ya tsage daf da waldar. Allah ya kiyaye, a ƙofar gida aka lura. Ƙungiya ta biya gyaran daga asusu. Kwamiti ya yanke cewa ba mai sake yanka shasi sai wani babba ya duba, kuma lambar shasi ba a taɓa ta, don kada a jawo wa mai babur rigima da hukuma.

Tsada ta matsa mana. Tun cire tallafin mai a 2023, kuɗin kunna janareta yake cinye ribar walda, bututun ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa farashin safe daban da na yamma. Ziyarar da muka shirya kai wa maƙeran Panteka a Kaduna ba ta yiwu ba, an ɗaga ta zuwa baɗi.

Yaran da ke koyo sun fara ɗinka kujera da kansu, ko da yake har yanzu suna sa soso mai laushi, wanda ke kwanciya cikin wata guda. A riƙa sa mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro mai zuwa. Wanda ya ari awon ƙungiya mai launin rawaya kuma ya dawo da shi.