Daga Delhi, da labarin wani kyaftin da ya kwanta dama a Kwango

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Jikin Inna da sauƙi, alhamdu lillahi. An yi aikin, har ta fara takawa da sanda a barandar asibiti, likita ya ce mu ƙara mako biyu. Sai dai sanyin garin nan, ko na Jos albarka.

Ranar Lahadi zaman jinya ya ishe ni, na bar ƙanwata a wajenta na fita miƙe ƙafa. Kusa da India Gate akwai dandalin tunawa da sojojin Indiya, wanda aka buɗe a 2019. A gefe guda an jera mutum-mutumin mutane 21 da suka taɓa samun Param Vir Chakra, lambar jarumta mafi girma a ƙasar. 14 daga cikinsu sai bayan ransu aka ba su. Ina wucewa ina duba allunan sama-sama, yawanci Kashmir ne ko iyakar Sin, sai idona ya faɗa kan Kwango. Nan take Baffanka ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ka tuna yadda yake tara mu a zaure yana ba mu labarin zuwansa can, mu kuwa hankalinmu na kan gyaɗar da ke aljihunsa?

Sunan mutumin da ke kan allon Kyaftin Gurbachan Singh Salaria. An haife shi ranar 29 ga Nuwamba 1935 a wani ƙauye kusa da Shakargarh, yankin da ya faɗa Pakistan lokacin da aka raba ta da Indiya, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Gurdaspur. Ya zama hafsa a 1957, ya yi aiki da Gurkawa, mutanen nan na tsaunukan Nepal masu yawo da wata wuƙa mai lanƙwasa da suke kira kukuri. Na riƙe ɗaya a kasuwa, nauyinta duk a baki yake kamar gatari.

A 1961 Indiya ta tura birget guda na sojoji zuwa Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla. Ranar 5 ga Disamba dakarun Katanga suka datse hanyar filin jirgin Elisabethville, garin da yau ake kira Lubumbashi. Aikin da aka ba Salaria bai taka kara ya karya ba: ya zagaya da mutum 16 ya tare hanyar gudu, wasu su far wa shingen. Bai kai wurin ba ya yi kiciɓis da wata runduna ta kusan mutum 90, da motocin sulke biyu, suna ruwan wuta. In ya ƙyale su, za su je su ƙarfafa shingen. Aka harba roka aka kashe motocin, shi kuma ya shige gaba, yaransa na biye da banati da gurneti da kukuri. Harsashi ya same shi a wuya, ya ci gaba har jini ya ƙare masa ya faɗi. Takardar yabonsa ta ce sun kashe 40, sauran suka watse. Kwana shida kenan da cikarsa shekara 26. Har yau shi kaɗai ne ya sami lambar a aikin kiyaye zaman lafiya.

Ban ɓoye maka ba, na daɗe tsaye zuciyata biyu. Namijin duniya ne, ba musu. Amma 40 ɗin nan ma 'ya'yan wasu ne, a ƙasarsu suka mutu, kan rikicin da kamfanonin ma'adinai na Beljiyam suka hura wa wuta, kuma ba allon da ya ɗauki sunansu. Wani dattijo mai rawani irin na Sikh ya zo da jikansa, ya sa yaron ya ƙame ya sara wa mutum-mutumin. Sai na ji kunya ta kama ni. Namu ma sun je Kwangon nan, Murtala ya je, Obasanjo ya je, Ironsi ma har kwamandan rundunar baki ɗaya ya zama a 1964, amma ni ko garin da Baffa ya zauna ban sani ba.

Don Allah in ka je gida ka tambayi Gwaggo ko akwatin ƙarfen nan nasa na nan. Na tuna akwai lamba mai shuɗin ƙyalle a ciki, da wani hoto da ya yi ja. Ka ɗauko mini su a waya, har bayan hoton, ko ya rubuta sunan gari.

Inna na gaishe ka, ta ce a sa ta a addu'a. Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum,
Abokinka