Zuwa ga Auwalu, kafin jirginku ya tashi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan.

Innarka ta nuna mini tsarin tafiyarku ta Faris da ka turo mata a waya, na bi shi layi-layi. Safiya duk a cike take: Hasumiyar Eiffel, gidan tarihi na Louvre, yawon jirgin ruwa a kogin Seine. Sai Laraba da Alhamis, daga azahar an sake ku, kowa ya shiga gari yadda ya ga dama. Waɗannan yammacin biyu ne suka sa na ɗauki biro.

In kallo kake so, Faris ba ta ƙarewa. Ka je babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ka yi la'asar a can, ka zauna ka sha shayin na'a-na'a. Daga nan da ƙafa ma za ka kai Notre-Dame, cocin da gobara ta cinye rufinsa a 2019, aka sake buɗe shi a Disambar 2024. Ko daga waje ka tsaya ka ga aikin magina. A cikin metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, wayarka ta koma aljihun gaba. A hawan tudun Montmartre wani zai cafke hannunka ya ɗaura maka zare wai kyauta, sannan ya tsare ka da neman kuɗi, don haka kada ka miƙa hannu. Duk wannan mai sauƙi ne, wanda ya girma a Fagge ba sai an koya masa riƙon aljihu ba.

Ga abin da ya hana ni barci. Hauwa ta ji ka kana waya da Sagir, kana tambayarsa tashar da ake sauka a Château Rouge. Kada ka yi mata faɗa, ni na titsiye ta. Na san unguwar nan, Auwalu. Busasshen kifi, kuɓewa, atamfa, ka ce a kasuwar Sabon Gari kake. Na kuma san yadda ake yi: zo ka ci tuwo, dare ya yi ka kwana, gobe mu je ka ga wani mai aiki. Ranar komawa a ƙirga mutane a filin jirgi, a ga babu ɗaya.

Bizar da ke fasfonka ta ziyara ce. Irinta ba ta wuce kwana 90 cikin 180, taka ma iya kwanakin tafiyar aka ba ka, kuma ba ta halatta maka aiki ba. Sun ɗauki hoton yatsunka kafin su buga ta. Ranar da ta ƙare ka zama marar takarda. In kun je Eiffel, ka ɗan sauke kai daga kallon ƙarfen ka dubi samarin da ke dandalin Trocadéro, baƙaƙe irinmu, sun shimfiɗa ƙyalle suna tallar 'yan ƙananan hasumiyoyi. Idonsu ba ya kan mai saye, yana kan ɗan sanda. Da sun hango shi sai su tattare su ruga. Wasu a tanti suke kwana wajen Porte de la Chapelle, cikin sanyin da ba ka taɓa jin irinsa ba. Kowannensu yana da uwa da ke gaya wa maƙwabta ɗanta yana Turai.

Za ka ce albashi ba ya kai ƙarshen wata. Ni za ka gaya wa? Da aka tura mu Faransa kwas ɗin malaman Faransanci, ni ma an yi mini tayin zama. Na dawo, don kana goye a bayan innarka. Har gobe akwai masu cewa wauta na yi, bakinsu ne. Kawunka Sale bai dawo ba, ka kuwa san wanda ya sa Hajiya a kabari da wanda ya yi kuka ta waya. Mai gidanku ya sa hannu ya tsaya maka, Ramlatu na ɗauke da tsohon ciki, kai kuma kana tambayar tasha! In ka aikata, ban yarda ba, kuma ba da albarkata ba.

Wataƙila zumunci kawai ka yi nufi, Allah ya sa haka ne. In son ganin Sagir kake, ka ce ya zo otal ɗinku, ku zauna a falo a gaban abokan tafiyarka, ka gaishe mini da shi. Maganar kuɗi kuma, in ka dawo mu zauna a kan filin nan na Dawanau, ban rufe ƙofa ba.

Ka riƙe kwafin fasfonka da katin otal a jikinka. Ka kira ni daren Laraba da na Alhamis bayan isha'i. A wannan lokacin na zafi agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Innarka ta ce turare take so, ba ƙaramar kwalba ba. Allah ya tsare hanya, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.