Kwana uku na likitan salula

Saint-Denis, Faransa
Disamba 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya Inna da ƙafar? Ya yara, ya lakwal, ya ɗarin Tawa? Ni dai alhamdu lillahi na miƙe, tun ranar Alhamis na koma aiki.

Na san saƙon muryar da na yi wa Inna ya tayar mata da hankali. Ta ji muryata a shaƙe, kuma da na ce likita ta duba ni ta salula sai ta ce wanda bai taɓa jikinka ba ai ɗan duba ne, ba likita ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, ka karanta mata a tsanake. Akwai kuma maganar kuɗin wannan wata, za ka ga sun ragu, kuma duk zancen ɗaya ne.

Daren Lahadi masassara ta rufe ni, irin muran sanyin nan mai karya gaɓoɓi. Ƙarfe shida na safe ya kamata in kasance a sito ina ɗaukar kwalaye, amma ko butar shayi na kasa ɗagawa. A nan kuwa ba a cewa shef "ba ni da lafiya" a tsaya nan. Sai da takardar likita, wadda suke kira "are maladi", kuma cikin awa 48 za ta isa wurin aiki da asusun lafiya, wanda kowa ke ce wa Seku. In ba takarda, ana lissafa ka cikin waɗanda suka ƙi zuwa aiki.

Matsalar ita ce ba ni da likitan kaina. Tsarin ƙasar nan, kowa yana zaɓen likita ɗaya a rubuta sunansa a Seku, shi ne ya san tarihin ciwonka, shi ke tura ka wurin manyan likitoci. Nawa tsoho ne, ya yi ritaya bara, kuma duk wanda na kira sai a ce ba sa ɗaukar sabbin mutane. Faransawa da kansu suna kiran irin unguwarmu "hamadar likitoci". Ka ji fa, na baro bakin hamada na zo gefen Paris na faɗa wata.

Sai na buɗe Doctolib, manhajar neman likita, a salula, na sami wata likita da ke da wuri ƙarfe takwas, tana can wani gari da ban taɓa zuwa ba. Tun Satumban 2018 Seku ke biyan ganin likita ta bidiyo kamar yadda take biyan na ido da ido. Kuɗin yuro 25 ne, sama da jika 16 kenan, na zuwa ofis kuma yuro 30, sannan a maido maka da mafi yawansu. Ta sa na auna zafin jikina, 39 da ɗoriya. Ta sa na haska maƙogwarona da fitilar salula, na yi numfashi tana kallon ƙirjina. Da ta ji daga inda na fito sai ta tambaya ko na je gida kwanan nan. Ta ce da na je, ba za ta tsaya wata magana ba, awon jini za ta tura ni saboda zazzaɓin sauro. Ka gaya wa Inna wannan, don a nan ne na yarda matar ta san aikinta.

Ta rubuta magani, ta ba ni hutun kwana uku. Na ce mata, yadda nake ji ɗin nan uku ba za su ishe ni ba. Ta ce ita ma ta gani, amma hannunta a ɗaure yake. Tun 2024 doka ta ce hutun da aka rubuta ta bidiyo ba ya wuce kwana uku, har da ƙari in an yi. Mai iya wuce haka sai likitan kanka, ko ungozomar da ke bin mai ciki. Akwai wata 'yar ƙofa ga mai neman ƙari, idan ya nuna hujjar cewa ya nemi likitan da zai gan shi ido da ido bai samu ba.

To ga inda gizo ke saƙar, Yaya. Ga ma'aikacin kamfani irina, kwana ukun farko na hutun ciwo Seku ba ta biyan ko dala. Daga rana ta huɗu take fara biya, shi ma rabin albashin yini. Ka haɗa lissafin da kanka, tunda kai ne malamin lissafi: likitan salula uku yake bayarwa, ukun nan kuma su ne ba a biya. Takardar tana kare maka aikinka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ta sa komai a tukunya. Wasu kamfanoni suna cike wa mutanensu kwanakin nan bisa yarjejeniyar sana'arsu. Abin da doka ta ɗora wa kowane mai kamfani kuwa sai ka shekara a wurinsa, kuma daga rana ta takwas yake farawa. Ni watana goma. Saura biyu kacal, ciwo ya ƙi jira.

Ranar Laraba tari ya sauka ƙirji. Na lulluɓe kamar mai zuwa Agadez a bayan mota, na tafi wani ƙaramin asibitin unguwa na zauna tun safe har azahar. Likitan ya sa abin saurare a bayana, ya ce sanyi ya kama hanyoyin numfashi, ya ƙara mini kwana bakwai, ya kuma rubuta dalilin da ya sa ba wadda ta fara ba ce ta ƙara. Kafin in tashi na roƙe shi ya zama likitana. Ya dube ni, ya dubi kwamfutarsa, ya ce to. Wallahi na fi murna da wannan "to" ɗin a kan maganin. Yanzu in ciwo ya dawo, Allah Ya kiyaye, shi ko ta bidiyo yana iya ba ni kwanakin da ya ga sun dace.

Kwana goma kenan: uku babu komai, bakwai a kan kusan yuro 30 kowace rana. Kuma kada ka ɗauka hutun yawo ne. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, da 2 zuwa 4 na yamma, dole a same ka a gida har Asabar da Lahadi, sai in likita ya rubuta an sake ka, don ana iya aiko mai bincike. Maganar Inna ta in taho gida in sha fura in warke, ka ce mata mai hutun ciwo ba ya tsallaka ƙasa yadda ya ga dama, kuɗin na iya tsayawa.

Yanzu maganar Auta, tunda ka ce har yanzu zancensa ɗaya ne, sai ya zo. Ka karanta masa wannan wurin sau biyu. Duk abin da na lissafa na wanda ke da takardun zama ne, mai aikin da aka rubuta, wanda ya yi aƙalla awa 150 a wata ukun da suka wuce. Yaron da muke ɗaki ɗaya, ɗan wajen Bouza, yana kai abinci a keke da sunan wani. Muran nan ni na shafa masa. Yana da katin taimakon magani da gwamnati ke bai wa marasa takardu, an duba shi, an ba shi magani. Amma takardar hutu wa zai kai wa? Sunan da ke aikin ba nasa ba ne. Kwana biyu ya kwanta, na uku ya ɗaure wuya da rawani ya hau keke cikin ruwan sama, ina jin tarinsa tun daga matakala. Ban iya ce masa ya zauna ba, don na san shi ma ana jiran saƙonsa a gida.

Akwai kuma masu sayar da takardar hutu a intanet ba tare da ka ga kowa ba, ka cike tambayoyi ka biya a turo maka. Wani abokin aikinmu ya nuna mini, na ce a kai kasuwa. A bana an yi dokar da ta hana irin waɗannan shafuka, kuma likitan da ke aikinsa a wata ƙasa ba ya rubuta wa ma'aikacin Faransa hutu ta bidiyo. Wanda aka kama zai maido kuɗi, a ci shi tara, ƙila aikin ma ya tafi. Mu da takardar zamanmu ke rataye da aikin, ina mu ina wannan wasa?

Abin da na aiko jika 90 ne maimakon 130. A fara da maganin ƙafar Inna da buhun hatsi. Kuɗin sumuntin ɗakin baya a ɗaga zuwa ƙarshen Janairu, ka ba magini haƙuri, ka ce ni na ce. In irin albasar garka bai samu ba tukuna ka sanar da ni kafin in karɓi albashi.

Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce mata ina shan kunun da citta kamar yadda ta ce. Ka gaida matarka da yara, da Kawu, da mutanen fada. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira ta bidiyo, a caja salular, Inna ta duba ni da kanta.

Wassalam,
ƙanenka.